DARASIN MOTSA JIKI A MAKARANTUNMU: ABIN DA NA GANI A FALGORE DA ABIN DA SHARI'A TA CE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam ya kyautata ƙirarsa, ya haɗa masa jiki da ruhi ya sanya su amana a wuyansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganar da za mu tattauna a wannan fili a makon nan magana ce wadda da yawa daga cikinmu ba su ɗauke ta a bakin komai ba, watau darasin motsa jiki da a ke koya wa 'ya'yanmu a ƙananan makarantun sakandare. Wani yana ganinsa ɓata lokaci ne, wani yana ganinsa al'adar Nasara ce, wani kuwa bai ma san ana yinsa ba, domin tun da ya kai yaro makaranta bai sake taka ƙofarta ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne, wani aminina ɗan kasuwa, mai harkar hatsi a kasuwar Dawanau, wanda asalinsa mutumin Falgore ne kuma iyalinsa suna can, ya same ni a zaure bayan sallar la'asar ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Na aika gida na ce kada yarana biyu, namiji da mace, su ƙara fita filin wasa a makaranta. Na ji an ce guje-guje kawai a ke sa su da gajeren wando, maza da mata a cakuɗe. Na yi daidai ko na yi kuskure?"

Na ce masa, "Alhaji, ka gani da idonka?" Ya ce a'a, labari aka ba shi. Na ce to ni ma ba zan ba ka fatawa a kan labari ba, gama malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda ya ke. Muka yi alkawari in ya tashi zuwa gida zai tafi da ni.

TAFIYA FALGORE

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya bambance. Ba Falgoren dajin nan na kan hanyar Jos na ke nufi ba. Wannan Falgore tana cikin Ƙaramar Hukumar Rogo ne, a yammacin Jihar Kano, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar, a ƙasar da ta yi iyaka da Jihar Katsina da Jihar Kaduna. Rogo da Ƙaraye su ne ƙananan hukumomi biyu da ke ƙarƙashin masarautar Ƙaraye bisa dokar masarautu ta shekarar 2024. Ƙasa ce ta manoma, masu dawa da masara da rake da noman rani.

Mun tashi daga Kano da sanyin safiya cikin hunturu, muka bi ta Ƙaraye, muka kwana a gidan Alhaji. Kashegari muka nufi wata ƙaramar sakandare da ke yankin, wadda ba zan ambaci sunanta ba, domin abin da na gani a cikinta ba nata ne ita kaɗai ba. Shugaban makarantar ya karɓe mu da mutunci, ya duba jadawalin darussa ya ce 'yan aji biyu suna da motsa jiki bayan tara, ya sa aka ajiye mana benci a gindin darbejiya a bakin fili.

ABIN DA IDONA YA GANI

Filin dai fako ne, an share shi an ja layuka da toka. Turakun raga na itace ne, babu ragar. Ƙwallo guda ɗaya ce a makarantar, ita ma ta sha ɗinki. Malamin saurayi ne mai takardar shaidar malanta, kuma motsa jiki da kiwon lafiya shi ne fannin da ya karanta. Da aka buga ƙararrawa ya busa usur, yara maza suka fito suka yi sahu huɗu. Na ƙirga su sun haura hamsin.

Bai fara sa su gudu ba. Sai da ya ce kowa ya ɗora yatsu biyu a kan jijiyar wuyan hannunsa ya ƙirga bugun zuciyarsa, shi kuma yana duban agogo, bayan daƙiƙa 15 ya tsai da su ya ce kowa ya ninka abin da ya samu sau huɗu. Sa'an nan ya sa su ɗumama jiki, su juya wuya da kafaɗa da ƙugu, su miƙe su durƙusa, su zaga fili sau biyu a hankali. Bayan wannan ya raba su ƙungiya huɗu aka yi tseren miƙa sanda, sandar kuwa karan dawa ce aka yayyanka. Ya tsai da su sau uku yana nuna musu yadda mai karɓa zai fara gudu tun kafin ɗan'uwansa ya iso, da yadda zai buɗe tafin hannu ta baya ba tare da ya waiwaya ba. Da suka gama ya ce a sake ƙirga bugun zuciya. Yara suka ga adadin ya tashi, shi kuma ya yi musu bayanin dalili, cewa tsoka in tana aiki tana bukatar ƙarin iska, zuciya kuwa ita ce famfon da ke kai mata ta cikin jini.

Abubuwa biyu sun burge ni ƙwarai. Na farko, akwai wani yaro mai lalurar ƙafa, malamin bai bar shi a gefe ba, shi ya ba usur da agogo ya zama alƙalin tsere, daga baya kuma ya sa shi cikin masu jifan ƙwallo da hannu. Na biyu, da wani yaro ya sa wa ɗan'uwansa ƙafa da gangan ya faɗi, malamin ya tsai da wasa, ya mayar da ƙungiyar mai laifin baya, ya sa shi ya ɗaga wanda ya kayar ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya ce musu nasarar da aka samu da zamba ba nasara ba ce. Na ce a raina, wannan ai darasin ɗa'a ne, irin wanda mu ke yini muna karantarwa a zaure da baki, ga shi ana koyar da shi a aikace. Minti goma na ƙarshe langa aka yi, yara suna ta shewa.

To, amma na ga abin da bai yi mini daɗi ba. Yaron da ya faɗi ya kuje a gwiwa, babu akwatin magani a makarantar, sai malamin ya aika aka sayo ruwan leda da kuɗinsa ya wanke masa. Babu ruwan sha kusa da filin. Wasu yaran wandunansu ba su kai gwiwa ba, alhali cikinsu akwai waɗanda alamun balaga sun bayyana gare su. Yara biyu sun zauna tun kafin a yi nisa, da aka tambaye su suka ce ba su karya kumallo ba.

Babban abin da ya dame ni kuwa shi ne 'yan mata. Ba a cakuɗa su da maza ba, sam, labarin da aka ba Alhaji a nan ba gaskiya ba ne. Amma ba a yi musu darasin ba ma gaba ɗaya. Suna zaune a inuwa nesa da fili da hijabansu, kowace da littafi a cinya, suna kwafar tsawo da faɗin filin ƙwallo, tsawo mita 90 zuwa 120, faɗi mita 45 zuwa 90, domin shi za a tambaye su a jarrabawa. Na tambayi malamin dalili. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, babu malama mace a wannan fanni, filin kuma ba shi da katanga, hanya ce ta masu zuwa gona. In na fito da su iyaye za su yi fushi, kuma suna da gaskiya. In na bar su a zaune na tauye musu haƙƙi. Ni kaina abin yana damuna."

MATSAYIN ƘARFIN JIKI A ADDINI

Yanzu bari mu koma ga littafi. Duk wanda ya karanta Alƙur'ani da lura zai ga Allah ya ambaci ƙarfin jiki a wurin yabo. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 247, da Banu Isra'ila suka raina Ɗalutu saboda ba shi da dukiya, Annabinsu ya nuna musu cewa Allah ya fifita shi da abu biyu, ilmi da jiki. A cikin Suratul Ƙasasi, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda ƙarfi da amana. 'Yan kasuwa da ma'aikata su lura da wannan, domin har gobe su ne sharuɗɗa biyu na ma'aikacin kirki. A cikin Suratu Yusufa kuwa, da 'yan'uwan Annabi Yusufu suka nemi a bar shi ya bi su ya yi wasa, Annabi Yaƙubu bai ce wasa haramun ne ba, tsoron kerkeci ya ambata.

A hadisi, Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mumini mai rauni, tare da cewa kowannensu yana da alheri. Malamai sun ce asalin abin nufi ƙarfin imani ne da himma, amma ƙarfin jiki yana shiga ciki matuƙar an yi amfani da shi wajen ɗa'a. Buhari ya ruwaito yadda Manzon Allah ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yawan azumi da tsayuwar dare ba hutu, ya tuna masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Har ila yau Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne biyu da mutane da yawa su ke tafka asara a cikinsu.

Ba da baki kaɗai ya karantar ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi shi kuma ya tsere mata. An ruwaito ya yi kokawa da Rukana, ƙaƙƙarfan Ƙuraishawa, ya kayar da shi. Buhari ya ruwaito ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbin kibiya ya ƙarfafa musu gwiwa. Ibnu Umar ya ba da labarin sukuwar da ya shirya a Madina, dawakin da aka horar suka tashi daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil biyar ko shida, waɗanda ba a horar ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil guda. Dubi wannan tsari, kowa an ba shi gwargwadon ƙarfinsa, abin da malamin motsa jiki na kirki ya ke yi ke nan a yau. Ga kuma Habashawa da suka yi wasan masu a cikin masallaci, Nana A'isha tana kallo daga bayansa.

Akwai wani labari a littattafan tarihi wanda ya dace da yaran da na gani. Lokacin fita yaƙin Uhudu an mayar da yara ƙanana gida, amma aka bar Rafi'u ɗan Hadiju, mai shekara 15, saboda gwanin harbi ne. Sai tsaransa Samuratu ɗan Jundubu ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Aka sa su suka kama, Samuratu ya yi kaye, shi ma aka bar shi. Waɗannan tsaran 'yan aji uku ne na ƙaramar sakandare.

Sai dai in ja hankalin masu wa'azi a kan abu guda. Maganar nan da ta shahara ta a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, an fi saninta daga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, jingina ta ga Manzon Allah da wannan lafazi bai inganta ba. Muna da ingantattun hadisai da suka ishe mu.

Malaman da suka biyo baya ma ba su yi shiru ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, daidai da 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u, wajen tarbiyyar yara, cewa a saba wa yaro da tafiya da motsi a wani yanki na yini don kada kasala ta rinjaye shi, kuma a bar shi ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana dushe masa basira har ya ƙi karatun. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 ta Hijira, littafi sukutum ya rubuta mai suna Alfurusiyya a kan tsere da harbi da hukunce-hukuncensu. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halilu ya ajiye maganar gasa a cikin Muhtasar dab da babin jihadi, ya nuna halaccin sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbi, sauran wasanni masu amfani kuwa, irin tseren ƙafa da kokawa, sun halatta in ba a sa kuɗi ba.

BA BAƘON ABU BA NE A ƘASARMU

Wanda ya ce motsa jiki Turawa suka kawo mana bai yi wa kakanninmu adalci ba. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da suka yi nasara a Tabkin Kwatto a shekarar 1804, malamai ne da almajirai, galibinsu a ƙasa su ke, da baka da kwari, dawakinsu kaɗan ne. Da raggwaye ne masu jiki sanyi ƙalau da ba su iya wannan ba. Kokawa da langa da sukuwa da tsere, da carafke da gaɗa na 'yan mata, duk mun gaje su tun kafin Bature ya zo. A Jamhuriyar Nijar an mayar da kokawa gasar ƙasa tun shekarar 1975, inda aka fara a Tawa. A Nijeriya ma kokawa da langa suna cikin wasannin gargajiya da hukuma ta amince da su.

Abin da Turawa suka kawo shi ne sanya shi cikin jadawalin makaranta. A Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, da makarantun Midil na larduna, irin Midil ta Kano wadda ta zama Kwalejin Rumfa, wasanni wajibi ne ga kowane ɗalibi. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, jikan Shehu, ya shahara da wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda ya koya a Katsina, kuma wannan bai rage masa komai a kishin addini ba. Bayan mulkin kai aka fara ilmin firamare kyauta a 1976, aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, tsarin 6-3-3-4 ya haifar da ƙaramar sakandare a farkon shekarun 1980, kuma dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta. A duk waɗannan matakai motsa jiki da kiwon lafiya yana cikin manhaja. Watau a takarda ba a manta da shi ba, a fili ne aka yi masa riƙon sakainar kashi.

AI YARAN KARKARA SUNA NOMA

Alhaji ya kawo wata hujja a hanyarmu ta komawa gida, wadda na san da yawa za su kawo. Ya ce yaron da ya ke noma, ya ɗebo ruwa, ya yi kiwo, wane motsa jiki kuma ya ke bukata? Na ce masa maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Noma da damina a ke yi, da rani fa? Sa'an nan aikin wahala dabam, horon jiki dabam. Fartanya ba ta koya wa yaro yadda zai bi doka ko da alƙali ba ya kallonsa, ko yadda zai sha kaye ya haƙura, ko yadda zai tsai da jini in ɗan'uwansa ya ji rauni. Daɗin daɗawa, zamani ya canza. Babur ya maye gurbin ƙafa, wayar hannu ta cinye dandali, yaron da a da ya ke langa da farin wata yanzu yana zaune a gidan kallo yana kallon wasu suna gudu a Ingila.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. A wani bincike da ta fitar a 2019, wanda ya shafi ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, an samu kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba su cika wannan ba, 'yan mata kuma sun fi maza baya, su kashi 85 maza kashi 78. Ma'aikacin da ya ke yini a kujera da ɗan kasuwar da ya ke yini a kan tabarma sun san yadda hawan jini da ciwon sukari suka yawaita a tsakaninmu, likita kuma abin da ya ke fara cewa shi ne a rage ci a riƙa tafiya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tsanani. Ƙarfin saurayi kamar ruwan kogi ne, in ba a yi masa hanya ba shi zai yi wa kansa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Gwamnatin Tarayya ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da kayan maye, kuma a watan Mayu na shekarar 2018 ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ban ce fili da ƙwallo za su magance wannan su kaɗai ba, amma yaron da ya gaji a fili a gaban malaminsa ya fi wanda ya yini a kango kusa da tsira.

IYAKOKIN DA SHARI'A TA SA

Halaccin abu ba ya nufin a sake shi ba linzami. Ga sharuɗɗan da na ke ganin wajibi ne a kiyaye.

Na farko, suturce al'aura. Al'aurar namiji tsakanin cibiya ce da gwiwa. Gaskiya ne akwai saɓani a kan cinya, Buhari ya kawo hadisin Anas da na Jarhadu, ya nuna na Anas ya fi ƙarfin isnadi, na Jarhadu ya fi kusa da kiyayewa, malamanmu kuma suna kiranta al'aura mai sauƙi. To, amma me ya kai mu shiga saɓani, alhali ƙarin taƙi guda na yadi ya raba gardama? A ɗinka wando ya sauka ƙasa da gwiwa, ba ya hana gudu.

Na biyu, a raba maza da mata, mace ta koyar da mata, a wurin da ke da kariya daga idon masu wucewa, da dogon wando da riga mai yalwa da ɗan ƙaramin hijabi. Ko hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince mata su yi wasa da lulluɓin kai tun 2014.

Na uku, kada wasa ya ci lokacin salla. Wasan yamma a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba.

Na huɗu, babu caca. Kyautar da makaranta ko wani mai hali ya bayar daga gefe don ƙarfafa yara, malamai da dama sun sauƙaƙa a kanta. Amma 'yan wasa ko 'yan kallo su zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce, haka nan cacar ƙwallo da a ke yi ta waya.

Na biyar, babu cutarwa. Manzon Allah ya hana dukan fuska, shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta haramta damben zamani a zamanta na 1987. Saboda haka dambe ba na makaranta ba ne, balle layu da tsafe-tsafen da a ke haɗa shi da su. Kada kuma a sa yaro gudu da tsakar rana ba ruwa, ko a mayar da tsallen kwaɗo hanyar azabtarwa.

KIRA GA MASU HALI DA MASU MULKI

Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024. Muna roƙon jami'an Ma'aikatar Ilmi da masu duba makarantu, in sun je rangadi kada su tsaya a ofis da rajista, su fita fili su ga ko 'yan mata suna samun rabonsu. A ƙarfafa wa 'yan matanmu da ke kwalejojin horon malamai, da Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello inda a ke koyar da wannan fanni, su karance shi, a kuma tura su makarantun karkara. Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka a cikin Nurul Albabi ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma sanin kiwon lafiyar jiki yana cikin ilmin da uwar gobe ta fi kowa bukata.

Ku kuma 'yan kasuwa, ƙwallo biyar da akwatin magani da randar ruwa ba su kai kuɗin buhu kaɗan na masara ba. Kewaye wani sashe na fili da zana ko da bulo don 'yan mata sadaka ce mai gudana. Iyaye su tabbata yaro ya sha ko da koko ne kafin ya fita. Mu malaman addini kuma mu daina yanke hukunci daga nesa, mu je mu gani.

Amsar da na ba Alhaji ita ce, ya janye hanin da ya yi wa ɗansa, ya ɗinka masa wando mai rufe gwiwa. Game da 'yarsa kuwa na ce masa, ai ba ka hana ta komai ba, tun da can a zaune ta ke, aikin da ke gabanka shi ne ka tashi ta samu abin da addininta ya halatta mata a cikin sutura da mutunci. Kafin mu bar garin ya koma wurin shugaban makarantar ya ce a kira taron iyaye da malamai, shi ya ɗauki nauyin akwatin magani da zanar da za a kewaye bayan azuzuwa. Malama mace kuwa ta fi ƙarfinsa, wannan sai hukuma.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya shiryi zuriyarmu, ya sa ƙarfinsu ya zama na taimakon gaskiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah ya yafe mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.